DARASI: ƘOFAR DA TA HANA ƁARAWO SHIGA, ZA TA BAR MU MU FITA?

'Yan'uwa, a darasinmu na wannan wata za mu duba al'amarin da ya shafi kowane mai gida da kowane mai shago a cikinmu, wato yadda za mu tsare gidajenmu da wuraren sana'armu. Idan aka ce tsaro, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ɓarawo, kuma ba abin mamaki ba ne, gama da wuya a sami unguwar da ba a taɓa fasa shago ko haura katanga a cikinta ba. Saboda haka muka ƙara tsawon katanga, muka dasa fasassun kwalabe a kanta, muka kira mai walda ya toshe tagogi da ƙarfe, muka rataya kwado biyu ko uku a ƙofa guda. Duk waɗannan suna da amfaninsu. Amma akwai wani abokin gaba wanda ba ya bukatar haura katanga, domin a cikin gidan yake kwana tare da mu, shi ne wuta da hayaƙinta. Abin da muke so mu nuna a nan shi ne, da yawa daga cikin dabarun da tsoron ɓarawo yake sa mu yi, su ne suke ba wuta dama a kanmu. An yi gudun gara ke nan, an faɗa gidan zago.

Mun zaɓi wannan lokaci ne domin hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da katako da silin da katifa suke bushewa ƙayau, iska kuma tana ɗaukar tartsatsi daga rufi zuwa rufi. A cikinsa ne kuma Kirsimeti da sabuwar shekara suke faɗowa: shaguna cike da kaya, da yawa na bashi ne, gidaje kuwa da dama a rufe domin masu su sun tafi ƙauye.

Taga da ƙofa

Bari mu fara da ƙarfen taga. A yawancin gidajen haya na garuruwanmu, ɗaki yana da ƙofa ɗaya da taga ɗaya ko biyu, tagogin kuma an binne ƙarfensu cikin siminti. Idan wuta ta tashi a falo ko a kicin, tsakanin masu barci da ƙofa, to, ɗakin ya zama kurkuku. Maƙwabta za su zo da guduma da diga, amma ƙarfen da aka yi shi domin ya gagari ɓarawo na tsawon dare ba zai karye wa mai taimako cikin minti biyar ba. Mu kuma sani cewa a gobarar gida, hayaƙi ne yake kashe yawancin mutane tun kafin harshen wuta ya taɓa su. Katifar soso da kujerun roba da labulen leda suna fitar da baƙin hayaƙi mai dafi, wanda kan kā da mutum cikin 'yan mintoci.

Maganin wannan ba shi da tsada. A kowane ɗakin kwana, ko aƙalla a ɗaya daga cikin ɗakunan baya, a sa mai walda ya yanke ƙarfen taga guda ya mai da shi kamar ƙyaure mai buɗewa, da kwado ta ciki. Mabuɗin kwadon ya zauna a wuri ɗaya tak, a rataye a ƙusa kusa da tagar, inda hannu daga waje ba zai kai ba, amma yaro ɗan shekara bakwai zai iya lalubo shi cikin duhu. Kowane wata a buɗe shi a ɗiga masa mai, gama ƙurar hunturu da tsatsar damina suna cije kwado. Waɗanda ke zaman haya su yi magana da mai gidan da ladabi. Idan ya ƙi biya, masu haya su haɗa kuɗin, aikin yini ɗaya ne.

Haka kuma ƙofar shiga. Akwai magidanta da idan sun kulle ƙofa da dare sukan sa mabuɗin a aljihun wando ko ƙarƙashin matashin kai, wai kada yara su fita yawo. Ranar da hayaƙi ya fara kā da shi mai gidan, wa zai nemo mabuɗin? Da dare, sakata mai ƙarfi ta ciki, sama da ƙasa, ta fi kwado, domin tana tsare ƙofa da kyau kuma ana zare ta da hannu ɗaya.

Akwai al'adu biyu da ya kamata mu daina su gaba ɗaya. Ta fari ita ce kulle ƙananan yara a ɗaki ta waje a tafi kasuwa, ko gona, ko ma Misar dare. Ta biyu ita ce abin da wasu masu shaguna suke yi, su kulle yaron shago ko mai gadi a ciki ta waje, wai domin ya tsare kaya kuma kada shi kansa ya fitar da wani abu. Wanda ya yi haka ya auna ran ɗan mutane da buhun shinkafa, ya ga shinkafar ta fi nauyi. Idan ba mu amince da yaro ba, kada mu bar shi ya kwana a shagon. Idan kuwa mun amince da shi, mu ba shi mabuɗi.

Janareta da gawayi

A nan ne tsoron ɓarawo ya fi yi mana ɓarna. Janareta abu ne mai tsada kuma mai sauƙin ɗauka, saboda haka idan dare ya yi sai a jawo shi cikin baranda, ko lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko kicin, ko banɗaki, a rufe ƙofa a kwanta ana shan fanka. Mun sha jin labarin iyali guda da aka fasa ƙofarsu da safe aka tarar babu mai rai, ba rauni a jikin kowa, har a fara zargin abinci ko maƙiya. Sau da yawa mai laifin yana nan a lungu, mansa ya ƙare ya mutu shi ma.

Abin da yake faruwa shi ne, duk injin da ke ƙona fetur yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu, sai jinin ya yi ta zagaya jiki ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata ba. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma a ƙasarmu duk wanda ya ji haka zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya sha magani ya koma ya kwanta. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Ga alamar da za mu riƙe: idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da suka fita waje, a kashe inji, a buɗe ko'ina, a tafi asibiti a faɗa wa likita ainihin abin da ake zato.

Masana lafiya suna ba da shawarar a ajiye janareta a fili, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6, bakin hayaƙinsa yana fuskantar waje. Buɗe taga ba ya wadatarwa. To, ɓarawo fa? A yi wa injin keji na ƙarfe a tsakar gida, mai rufin kwano da gefuna a buɗe, a kafa shi cikin siminti, ko a ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙarfen da aka binne. Idan babu halin wannan, a kashe shi kafin a kwanta, a bari ya huce, sa'an nan a shigar da shi. A gidan haya mu lura kuma kada hayaƙin injinmu ya zama yana shiga tagar maƙwabci.

Gawayi ma haka yake. A wuraren sanyi kamar Jos da Zariya, mutane sukan shigar da kasko ko kurfoti ɗaki su toshe kowace kafa da tsumma, musamman inda akwai mai jego ko tsoho. Garwashin da ya yi ja, ba ya hayaƙi, shi ma yana fitar da wannan iska. A ɗumama ɗakin ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin barci, a ƙara bargo.

Fetur da gas

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashinsa ya yi tsalle, jarkar mai ta zama dukiyar da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa. Mu gane cewa tururin fetur ne yake kamawa, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar ruwa har ya isa wurin risho ko maganin sauro da ke can wani gefen ɗaki. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasar mai, ta yi bindiga ta hallaka fiye da mutum 150, da kuma irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairu na 2025, ya isa ya nuna mana halin wannan tururi. A ajiye fetur kaɗan, a jarka mai murfi mai kyau, a wani wuri dabam da inda ake kwana ko girki. Kada a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi, kada kuma a haska tankinsa da ashana ko kyandir. Jarkar fetur da ta kananzir su bambanta a launi, domin kananzir da ya gauraya da fetur yana fasa fitila da risho. Kada kuma a zuba ko wanne cikin gorar lemo, yara suna ɗauka su sha.

Game da gas na girki, da yawa muna ajiye tukunyar cikin ɗakin kwana don kada a sace. Shi ma ya fi iska nauyi, idan yana tsiyaya yakan taru a ƙasa. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake sa masa warin nan domin ya yi mana gargaɗi. Idan muka ji shi, mu rufe kan tukunyar, mu buɗe ƙofa da taga, kada mu taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada mu ƙyasta komai. Ana gwada tsiyaya da ruwan sabulu: a shafa a bakin tukunya da jikin tiyo, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Tiyon da ya fara tsattsagewa a canja shi. Ba a cika tukunya fal, akan bar mata kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 domin gas yana faɗaɗa da zafi, saboda haka mai sayarwar da ya ce zai danna mana ƙari ba alheri yake yi mana ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15, kuma shekarar da aka ƙera ta tana rubuce a jikinta.

Masu sayar da gas a cikinmu su tuna da Sabon Tasha a Kaduna, ranar 4 ga Janairu 2020, inda shagon cika gas ya fashe a tsakiyar shaguna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba gas ya je saye ba, yana shagon aski ne da ke kusa. Sana'ar da haɗarinta ke kai wa ga maƙwabci, ba a kafa ta kusa da mai suya ko mai walda.

Lantarki a shago da kasuwa

A ƙarshen Maris na 2016 gobara ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta cinye dubban shaguna. Babbar kasuwar Taminus ta Jos ta ƙone a Fabrairu na 2002, aka yi shekara fiye da ashirin ba a sāke gina ta ba, kuma akwai iyalai da tun daga ranar ba su sāke tsayawa da ƙafafunsu ba. Ba mu ce lantarki ne ya ƙone waɗannan kasuwanni biyu ba. Amma duk wanda ya san kasuwanninmu ya san abin da ya sa wuta in ta kama ba ta tsayuwa: wayoyi a saƙe kamar yanar gizo-gizo, rumfuna sun cinye hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi, ƙofofi a kulle, mai mabuɗi yana can gida, ruwa kuma babu.

Abin da ke hannun kowane mai shago shi ne wannan. Wutar Nepa, kamar yadda har yau muke kiranta ko da yake an canja sunan hukumar tun 2005, takan ɗauke da rana ta dawo da tsakar dare. Tela ya bar dutsen guga a jone, mai shayi ya bar hita a bokitin roba, aka ɗauke wuta, aka manta, aka kulle. Saboda haka kowane shago ya kasance da babban makunni guda kusa da ƙofa, kashe shi kuma ya zama aiki na ƙarshe kafin a sa kwado. Mai firji ya sa a ja masa layinsa dabam.

Soket na bango mai amfiya 13 yana ɗaukar kamar wat 3,000 ne. Dutsen guga kaɗai yana iya cin wat 1,000 zuwa 2,000, butar lantarki ma wajen 2,000. Idan aka haɗa su a kan 'yar wayar ƙari mai araha, wadda zaren tagullarta bai fi gashi kauri ba, wayar ce za ta yi zafi ta narke. Duk filogin da ya yi zafi a hannu ko ya yi baƙi, ko aka ji ƙaurin roba, a kira mai gyara. Fis kuma idan ya ƙone, aikinsa ya yi. Wanda ya ɗaure wurin da waya mai kauri ya cire mai gadin gidan ne da hannunsa. Masu sola da inbata su ajiye batir inda iska ke ratsawa, gama batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa sa'ad da yake caji. Masu sana'ar cajin waya kada su tafi su bar wayoyi da batura a jone cikin rufaffen kes.

Bokitin yashi biyu a bakin shago ba sa cin kuɗi. Tukunyar kashe gobara mai hoda tana aiki a kan fetur da lantarki da katako. A duba allurarta tana kan kore, a rataye ta kusa da ƙofa, kowa kuma ya san yadda ake zare fil, a nufi gindin wutar, a matsa ana kaɗawa hagu da dama. Ba a watsa ruwa a kan fetur, ko wayar da ke da wuta, ko man suya da ya kama. Man suya a rufe shi da murfin tukunya a kashe wutar ƙasa.

Kuɗi da takardu

Cinikin da ya kwana a shago na ɓarawo ne ko na wuta. A kai banki, kada kuma a riƙa kaiwa a sa'a ɗaya ta hanya ɗaya kullum. Tun 2024 hukumar inshorar ajiya ta ƙasa, NDIC, ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan bankin kasuwanci ya rushe zuwa naira miliyan 5, na ƙananan bankuna kuwa miliyan 2. Gwangwanin da ke ƙarƙashin kanta ba shi da irin wannan alkawari. Ɓarawon zamani kuma yakan zo da waya a hannu ya nuna saƙon cewa ya tura kuɗi. Kada kaya su fita sai mun ga kuɗin a asusunmu da idonmu. Lambar sirri ta kati da lambar da banki ke turowa ta waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake kira.

Littafin bashi, takardar fili, rasit na haya da takardun makaranta, a ɗauki hotonsu a waya, a ajiye kwafi a gidan wani ɗan'uwa. Bayan gobara, mai bin mu bashi yana da takardarsa, wanda muke bi kuwa ya san tamu ta ƙone.

Shi ɓarawon fa?

Ba mu manta da shi ba. Ƙofar ƙarfe ba ta da amfani idan firam ɗinta yana girgiza cikin bango, kuma masu fasa shago sukan shiga ta rufin kwano da silin, saboda haka a duba sama. Ƙwan sola mai kamawa da kansa a gaban gida da bayansa, kare, da usur a kowane gida, sun fi ƙarin kwado. Wanda zai yi tafiyar Kirsimeti ya gaya wa maƙwabci ɗaya amintacce, ya bar masa mabuɗi, kada ya yi shela a Facebook. Katanga mai tsawo tana ɓoye ɓarawo bayan ya shiga, maƙwabcin da ya san motsin gidanmu kuwa shi ne zai lura da baƙon motsi, ko da wace majami'a ko masallaci yake zuwa. Inda unguwa ta sa ƙofa a bakin layi, dole a sami mai mabuɗi a wurin duk dare, saboda motar kashe gobara da mace mai naƙuda. Idan 'yan fashi suka zo da makami, a ba su abin da suka nema. Idan kuwa 'yan sintiri suka kama wani, a miƙa shi ga 'yan sanda. An sha kashe marar laifi a kan ihun mutum ɗaya.

Idan ta riga ta kama

A yi ihu a ta da kowa, a fita, sa'an nan a yi tunanin kaya. Hayaƙi sama yake bi, saboda haka a rarrafa. A taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, idan da zafi a bi ta taga. Wanda ya fita ya ja ƙofa a bayansa domin wuta ta rasa iska, kada kuma ya koma. Iyali su sa wuri guda a waje inda za a haɗu a ƙirga kai, gama akwai iyayen da suka koma cikin wuta neman yaron da tuni yana gidan maƙwabta. A kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa wadda ba a biya, a kuma nemi lambar ofishin 'yan kwana-kwana na garinmu tun yau a rubuta a bango. Wanda rigarsa ta kama kada ya gudu, ya faɗi ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, ba ƙanƙara ba, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri da toka duk ɓata ciwon suke yi.

Aikin da muke ba kowane gida a wannan mako shi ne, wani dare a kashe fitilu, kowa ya kwanta a wurinsa, mai gida ya busa usur, a ɗauka cewa ƙofar gaba ba ta biyuwa, a ga minti nawa za a yi kafin kowa ya isa waje, har da tsohuwa da jariri. Ƙungiyoyin zumunta na maza da mata da matasa kuma su tattauna abin da suka gani a taronsu na gaba, su rubuta wa ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa su roƙi a turo ma'aikaci wata Lahadi bayan Misa, ya nuna mana yadda ake riƙe tukunyar kashe gobara a filin coci.